In Ji Wa? Jagorar Ambaton Majiya Ga Sabon Marubuci

Akwai tambayar da editoci suka gaji da rubutawa da jan biro a gefen takardun sababbin marubuta: "In ji wa?" Maƙala za ta zo da Hausa tsaf da jigo mai kyau, amma kowane sakin layi ya jingina da "masana sun ce", "bincike ya nuna", "tarihi ya tabbatar". Idan aka kira marubucin aka ce wane masani, wane bincike, sai ya zaro waya ya shiga lalube a WhatsApp, daga ƙarshe ya ce wani ne ya turo masa. Ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, matasan 'yan jarida da masu rubuta tarihin garuruwansu duk a nan suke tuntuɓe, shekara da shekaru. Saboda su aka shirya wannan jagora.

Manya ma ba su tsira ba. A Satumbar 2016 an gano wani sashe na jawabin da Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta a Abuja an kwaso shi ne daga jawabin nasarar zaɓe na Barack Obama na 2008, har fadar shugaban ƙasa ta fito ta amsa kuskuren. A Janairun 2017 jawabin rantsuwar Shugaba Nana Akufo-Addo na Ghana ya fito ɗauke da jimlolin Bill Clinton da George W. Bush, aka ba da haƙuri. A Jamus kuwa abin ya ci kujera: ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg ya yi murabus a Maris ɗin 2011, bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na dakta saboda satar fasaha.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ba baƙon ilimin ambaton majiya ba ne. Ya san akwai isnadi akwai matani, kuma malamai irin su Imamu Bukhari sai sun bincika mutanen da suka kawo magana kafin su karɓe ta. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurinsu. Shehu Usmanu, in ya ɗauko magana daga Al-Maghili ko Suyuɗi, yakan faɗi mai ita.

Ambaton majiya kwatance ne. Wanda ya ce wa baƙo gidansa yana Kano bai yi masa kwatance ba, sai ya faɗi unguwa da layi da ƙofar da ke kallon masallaci. Ma'aunin duk matakan da ke tafe ke nan: mai karatun da bai san marubuci ba, zai iya bin abin da aka rubuta ya je ya ga maganar da idonsa?

Kayan aiki

- Kundin majiya: littafin rubutu ko fayil guda a kwamfuta, wanda ba a rubuta komai a ciki sai bayanin majiya.
- Biro kala biyu, ɗaya na kalaman mutane, ɗaya na tunanin marubuci.
- Waya mai kyamara da rakoda, da isasshen caji da wurin ajiya.
- Sanin inda takardu suke: Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Gidan Ɗan Hausa a Kano, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai.
- Kayan tantancewa na intanet: Google Lens ko TinEye domin gano asalin hoto, Wayback Machine domin adana shafi, da ayyukan masu bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check.
- Lokaci. Wanda ya bar neman majiya sai daren da zai miƙa aiki, shaci-faɗi zai yi.

Mataki na 1: A rubuta majiya kafin a rubuta magana

Kuskuren da ya fi yawa tun a wurin karatu ake yin sa. Marubuci ya ci karo da jimla mai daɗi, ya kwafe ta a takarda, ya rufe littafi ya mayar wa mai shi. Bayan wata biyu ya ga jimlar a cikin takardunsa, ya manta inda ya samo ta, wani lokaci har ya ɗauka tasa ce. Da yawa daga waɗanda aka kama da satar fasaha ba da niyya suka fara ba, ta wannan ƙofar suka shiga.

Maganinsa shi ne a juya tsarin. Kafin a kwafi ko kalma ɗaya, a saman shafin kundi a rubuta sunan mawallafi cikakke, sunan littafi, maɗaba'a, garin da aka buga, shekara da bugu na nawa. Hanya mafi sauri ita ce a ɗauki hoton bangon littafin da shafin da ke bayan na take, inda ake jera waɗannan bayanai da ƙananan haruffa, sannan a ɗauki shafin da maganar take, a tabbata lambar shafin ta fito a hoton. Bugu yana da muhimmanci: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fara fitowa a 1934, an kuma sha sake buga shi, don haka lambar shafi ba ta da amfani in ba a faɗi bugun da ke hannu ba.

Jarida tana buƙatar sunan wakili, kanun labari, rana, wata, shekara da shafi. Shirin rediyo yana buƙatar tasha, sunan shiri, rana da wanda ya yi maganar. Abin da aka samo a intanet kuwa a adana shi nan take. Cibiyar Pew ta Amurka ta ba da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke intanet a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara 10.

Mataki na 2: A bi magana har tushenta

Wanda ya kawo labari daban, mai labari daban. Jaridar da ta ba da rahoton jawabin gwamna majiya ce ta biyu, jawabin shi ne tushe. Kowane hannu da magana ta bi yana iya rage mata ko ƙara mata wani abu, shi ya sa ake so marubuci ya yi ta komawa baya har ya isa inda babu sauran baya.

Tarihin Kano misali ne mai kyau. Ana yawan rubuta cewa Bagauda ya hau mulki a 999, Muhammadu Rumfa kuma ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a ce "in ji kundin tarihin Kano". Asalin kundin da Larabci yake, kuma tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa. Shekarun Miladiyya lissafin H. R. Palmer ne, Baturen mulkin mallaka da ya fassara kundin zuwa Turanci a 1908. Marubucin da ya san haka zai ce "bisa lissafin Palmer", ya kuma faɗi abin da ya karanta: Larabcin, fassarar Palmer, ko fassarar Hausa da ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Haka Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda aka rubuta a 1812: wanda ya karanta Turancin E. J. Arnett na 1922 kada ya yi kamar ya karanta Larabcin Bello.

In tushe ya gagara samuwa, a faɗi gaskiya: "kamar yadda wane ya ruwaito a littafinsa". Babban haɗari shi ne a kwashi manazartar wani a liƙa a rubutu, alhali ba a taɓa buɗe ko ɗaya daga littattafan ba. In mutumin ya yi kuskure, an gaje shi, an kuma sa hannu.

Mataki na 3: A auna majiyar

Samun majiya bai isa ba. A yi mata tambaya uku: wane ne mai maganar, yaushe ya yi ta, ta yaya ya sani?

Shekaru ke nan wata takarda tana yawo a wayoyin mutane, wai jawabin da Lord Macaulay ya yi wa majalisar Birtaniya a ranar 2 ga Fabrairu 1835, yana ba da shawarar a rusa ilimi da al'adun Afirka. Tana da hoto, tana da rana, har da launin tsohuwar jarida. Amma daga 1834 zuwa 1838 Macaulay yana Indiya, kuma takardar ta daɗe tana yawo da sunan Indiya kafin wani ya goge ya sa Afirka. Tambayar "ina yake a ranar?" kaɗai ta isa ta rushe ta. Mulkin mallaka yana da laifuffuka na gaske da ke rubuce a ma'adanar Kaduna, kuma marubucin da ya kafa hujja da takardar jabu ya ba mai musu hanyar watsi da sauran hujjojinsa.

Wikipedia wurin fara bincike ne, a gangara ƙasan shafi a bi manazartar da aka jera. A Maris ɗin 2009, da mawallafin kiɗa na Faransa Maurice Jarre ya rasu, wani ɗalibi a Dublin ya ƙirƙiri magana ya saka a shafinsa da sunan marigayin. Jaridu, har da Guardian ta Ingila, suka ɗauka suka buga a ta'aziyyarsu.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun zo da sabon salo: suna iya ƙago sunan littafi, mawallafi, shekara da shafi, komai ya zauna daidai, alhali babu littafin. A Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙira, a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen Avianca. Duk madogarar da na'ura ta bayar, sai an nemo ta an buɗe an gani kafin ta shiga rubutu.

Mataki na 4: A raba kalaman wani da na kai

Hanya uku ake shigo da maganar wani. Ta farko, a kawo ta baki da baki a cikin alamar zance, ba a taɓa ko harafi. In an cire wani abu a tsakiya a sa ɗige uku, da sharaɗin kada cirewar ta juya ma'ana. Wanda ya ce zai goyi bayan doka in an gyara sashe na biyar, aka yanke sharaɗin aka bar goyon bayan, an yi masa ƙage da kalmominsa.

Ta biyu, a faɗi ma'anar da kalmomin kai. Nan sababbi suka fi ruɗewa. Sukan ajiye littafi a buɗe, su canza "ya tafi" zuwa "ya wuce", "babba" zuwa "ƙato", su ce sun sake fasali. Ginin jimla da jerin tunani na mai littafi ne har yanzu. Dabarar ita ce a karanta, a rufe littafin, a rubuta abin da aka fahimta, sannan a buɗe a gwada. Ko bayan haka sai an ambaci mai shi, domin tunanin nasa ne. Ta uku ita ce taƙaitawa, ita ma da suna.

Akwai tarko na musamman ga mai rubutu da Hausa: fassara. Mutum ya ɗauko maƙalar Turanci, Larabci ko Faransanci, ya juya ta Hausa, ya sa sunansa a sama, yana ganin ai wahalar fassara ta mayar da ita tasa. Fassara aiki ne mai daraja, kuma sunanta fassara. A rubuta wanda ya yi asalin, a rubuta wanda ya fassara. In jawabin da aka sa cikin alamar zance da wani harshe aka yi shi, a sanar da mai karatu, domin kalmomin Hausar zaɓin mai fassara ne.

Ambaton suna kuma bai halatta kwashe aikin mutum gaba ɗaya ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan littattafansa suna cikin kariya har 2051. Ɗan tsakure domin nazari ko sharhi, tare da ambaton mai shi, doka ta yarda. Babi sukutum sai da izini.

Mataki na 5: Kowace lamba ta zo da mai ita, da shekararta, da ma'auninta

Alƙaluma sun fi komai saurin shiga kai, sun kuma fi komai saurin yaudara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin 100 a rubu'in ƙarshe na 2020. Ita dai hukumar ta ce kashi 4.1 ne a rubu'in farko na 2023. Wanda ya jera lambobin biyu ya ce an samar da ayyuka birjik ya ɓatar da mai karatu, ko da ya ambaci hukumar. Ma'auni aka canza: a sabon tsarin, wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako yana cikin masu aiki.

Haka batun talauci. Rahoton hukumar na 2019 ya ce kashi 40.1, wato mutum miliyan 82.9, ban da Jihar Borno. Na Nuwambar 2022 ya ce kashi 63, mutum miliyan 133. Na farko kuɗin da mutum ke kashewa ya auna, na biyu ya haɗa da lafiya, ilimi, muhalli da sauransu. Ba a ɗora ɗaya kan ɗaya a ce talauci ya ƙaru da kaza.

Ƙidayar 2006 ma lamba biyu gare ta: ta wucin gadi ta ba ƙasar mutum 140,003,542, ta ƙarshe 140,431,790. Jihar Kano ta samu 9,383,682 a ta farko, 9,401,288 a ta biyu. Mai kwatanta Kanon yau da ta da kuma ya tuna an cire Jigawa a 1991.

Ga yadda gyaran yake a aikace. Marubuci ya rubuta: "Bincike ya nuna yawancin 'yan Najeriya talakawa ne." Edita zai so ya ga: "Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwambar 2022 ya ce kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya na fama da talauci ta fuskoki da dama, da suka haɗa da lafiya, ilimi da muhalli." Jimla ta biyu ta fi tsawo da layi ɗaya, amma ta faɗi wane, yaushe da me aka auna.

Mataki na 6: Aya da hadisi

Nan kuskure ya fi nauyi. Aya tana buƙatar sunan sura da lambarta, kuma in fassarar wani aka ɗauko, misali ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, a faɗa. A lura cewa lambobin ayoyi a Mus'hafin Warshu da aka saba da shi a makarantun allo ba koyaushe suke daidai da na Hafsu ba: ƙirgen da ake bi a na Hafsu 6,236 ne, wanda aka fi bi a na Warshu 6,214. Ayoyin su ne dai, wuraren tsayawa ne suka bambanta. In lamba ta saɓa, a faɗi riwayar da aka bi.

Hadisi kuwa "Annabi ya ce" ba ta wadatar ba. A kawo sahabin da ya ruwaito, littafin da ya fitar da shi, babi da lamba, a kuma faɗi bugun, domin lambobin Bukhari da Muslim suna bambanta daga bugu zuwa bugu. Shahara ba inganci ba ce. Maganar nan ta neman ilimi ko da a ƙasar Sin ta cika jawaban bikin yaye ɗalibai, amma Ibnul Jauzi ya saka ta a littafinsa na hadisan ƙarya, Al-Maudu'at. Marubucin da ba fanninsa ba ne ya kai wa malamin hadisi ya duba masa kafin ya buga.

Mataki na 7: Maganar baka da waƙa

Tarihin garuruwa da sana'o'i da yawa yana bakin dattawa ne, kuma wannan majiya ce cikakkiya in an rubuta ta yadda ya kamata: sunan mai bayani, shekarunsa a ƙiyasce, matsayinsa, gari, da ranar hira. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954 daga hirarrakin da ta yi da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, har yau masana tarihi na dogara da shi, domin an san mai maganar da lokacin da ta yi ta.

Kafin a kunna rakoda a nemi izini, a kuma bar iznin ya shiga cikin naɗin: "Baba, zan naɗi muryarka, kuma abin zai fito a mujalla. In sa sunanka ko in sakaya?" A tsakiyar hira a riƙa tambaya: "Wannan da idonka ka gani, Baba, ko ba ka labari aka yi?" Amsar ita ke nuna ko shaida aka samu ko ruwaya. A rikicin sarauta ko na gona, a ji ɓangare fiye da ɗaya, kowanne a jingina masa maganarsa.

Sakaya suna yana halatta in bayyana shi zai jawo wa mutum kora ko barazana. Amma edita ya san ko wane ne, mai karatu kuma a gaya masa matsayin majiyar da dalilin sakayawa, kamar "wata ma'aikaciyar jinya a asibitin, da ta nemi a sakaya sunanta saboda ba a ba ta izinin magana ba". Zargi mai nauyi ba ya tsayawa a kan majiya ɗaya marar suna.

Waƙar baka tana da nata tarkon. Wanda ya rubuta "kamar yadda aka ce a Bakandamiya" bai gama ba, domin Narambaɗa yana da Bakandamiya, Mamman Shata ma yana da tasa. Makaɗi kuma yakan rera waƙa ɗaya a wurare daban-daban da ƙari ko ragi. A faɗi makaɗi, waƙa, da faifai ko naɗin da aka saurara.

Mataki na 8: Hoto ma majiya ne

Bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, hotunan wasu 'yan mata suka zagaye duniya a matsayin fuskokin waɗanda aka sace. Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto Ami Vitale ce ta ɗauke su a Guinea-Bissau shekaru kafin haka, kuma ba su da wata alaƙa da Chibok. A 2018 binciken BBC ya nuna wasu hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Filato ba a Najeriya ma aka ɗauke su ba, alhali sun taimaka wajen hura wutar ramuwa.

Kafin hoto ya shiga rubutu, a saka shi a Google Lens ko TinEye a ga inda ya fara bayyana. A ƙarƙashinsa a rubuta mai ɗauka, wuri da lokaci. "Hoto: Google" ko "Hoto: Facebook" ba ambato ba ne, domin kamfanonin ba su ɗauki hoton ba. In tsohon hoto ne aka sa domin misali, a rubuta haka ƙarara.

Mataki na 9: A saka ambaton inda ya dace

A jarida da mujalla, majiya cikin jimla take shiga, kusa da maganar da take tallafa wa. A karon farko a kawo suna cikakke da matsayi: "Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, a littafinsa Hausa a Rubuce, wanda kamfanin NNPC ya buga a Zariya a 1988". Daga nan "Yahaya" ya wadatar. A kula da kalmar da ke gabatar da magana. "Ya ce" ba ta ɗaukar ɓangare. "Ya tabbatar" da "ya fallasa" suna nuna marubuci ya gaskata, "ya yi iƙirari" tana nuna yana shakka.

A jami'a tsarin sashe ake bi, kuma da yawa APA suke amfani da shi: sunan ƙarshe da shekara a baka biyu cikin rubutu, cikakken bayani a manazarta. Sunayen Hausawa na buƙatar lura, tunda da yawa sunan gari ne a ƙarshe, kuma "Gusau" ko "Funtuwa" na iya zama mutum uku a fanni ɗaya. Haruffan farkon suna su ke raba su. Duk sunan da ke cikin rubutu ya fito a manazarta, duk wanda ke manazarta a same shi cikin rubutu.

Ba komai ake nema wa majiya ba. Samun 'yancin Najeriya a 1 ga Oktoba 1960, ko na Nijar a 3 ga Agusta 1960, sanin kowa ne, haka karin magana. Amma lamba, zargi, kalaman mutum da duk abin da mai hankali zai iya musantawa, sai da majiya.

Mataki na 10: Bita ta ƙarshe, da gyara bayan bugu

Bitar majiya daban take da bitar harshe, kuma ba a haɗa su a zama ɗaya. A buga rubutun a takarda, a ja layi ƙarƙashin kowane suna, kwanan wata, lamba da alamar zance, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa da kundin majiya. Wanda ya dace a yi masa maki. Wanda aka rasa tushensa, ko a koma a nemo, ko a cire, komai daɗinsa. In da hali a ba wani aboki rubutun, ya zaɓi magana uku ya nemo su da kwatancen da aka bayar kaɗai. Inda ya maƙale, nan ambaton yake da giɓi.

Duk da haka wani kuskuren sai ya tsallake. In an gano shi bayan bugu, a fito a gyara a fili: a faɗi abin da aka rubuta, a faɗi daidai, a sa ranar gyaran. Gogewa a ɓoye ba ta amfanar waɗanda suka riga suka karanta suka yaɗa. In haƙƙin wani marubuci aka taɓa, a tuntuɓe shi kai tsaye, a mayar masa da sunansa a bugu na gaba.

Kundin majiya, muryoyin da aka naɗa da hotunan shafuka kuma a adana su a wuri biyu, misali a kwamfuta da filashi, kowanne da sunan maƙalar da ranar da ta fito. Wanda aka ambata yana iya tasowa da ƙorafi bayan watanni ko shekaru, kuma a ranar su ne abin da edita ko lauya zai fara tambaya.